Sun haɗa min sabuwar hitar gas suka tafi ba su auna komai ba

Na yi niyyar ba kamfanin da ya haɗa min hitar nan tauraro huɗu saboda dattijon da suka turo daga baya, amma ina fara rubutu raina ya sake ɓaci, sai mu gani a ƙarshe. 'Yan uwa mazauna Minneapolis da kewaye kun san hita a garin nan ba kayan ado bace, wanda yaga Janairun 2019 da sanyi ya kai 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait ba sai an yi masa bayani ba. Tsohuwar hitar tamu ta tsage daga ciki aka ce kar a sake kunna ta, ga Hajiya surukata ta zo daga Katsina ganin jikoki, matar da ko hunturun gida da safa biyu take kwana. Ba shiri na kira su na sayi sabuwa mai mayar da 96% na gas ɗinta zafi, mai ƙarfin zafi BTU 80,000, mai wuta biyu ƙarama da babba. Kuɗin kuma kun san shi.

Ranar haɗawa samari biyu suka zo, ba laifi suna da sauri, sun shimfiɗa leda a ƙasa, sun fitar da bututun roba guda biyu ta bango, sun kwashe tsohuwar. Da suka gama ɗayan ya kunna, ya leƙa ta ɗan gilashin da ke jikin hitar yace wuta ta yi shuɗi komai lafiya, na sa hannu suka wuce. Abin awo ko ɗaya ban ga an fito da shi daga jaka ba.

Daren farko ta fara halinta. Ta kama da ƙarfi iska ta fito da zafi kamar ta ƙona ƙafa, can sai wutar ta ɗauke fanka ta ci gaba da hura iska mai sanyi, ta huta ta sake kamawa, haka har asuba, ɗakin Hajiya na sama kuwa bai taɓa yin ɗumi ba. Da safe take cewa Baban Hanif wannan sabuwar da ka sayo ko dai ta hannu ce? Kunya kamar in nutse. Na kira ofishinsu wata ta ce wai in canza batirin tamostat, wato na'urar saita zafin gida. Sabon tamostat ɗin da su suka saka jiya!

Sai da na ɗaga murya sannan suka turo wani dattijo, farin gemu, baya da yawan magana, kuma wallahi a wajensa na ga yadda ake aikin. Ya fara da karanta ƙiftawar 'yar fitilar da ke jikin allon wutar, yace makunnin kariya ne yake kashe ta saboda zafi yana wuce iyaka, wato ita hitar kanta take ceto. Ya kwance wani ɗan noti a jikin bawul ɗin gas ya jona siririn tiyo da manomita, wato ma'aunin matsin gas, ya nuna min lamba 4.3, sannan ya haska takardar da ke manne a cikin murfin inda aka rubuta 3.5. Ashe gas yake shiga fiye da kima. Bai tsaya nan ba yace in kashe hitar ruwa da murhun girki, muka fita waje cikin sanyin nan ya tsaya gaban mita da agogon wayarsa yana ƙirga zagayen ƙaramar allurar. Yace hita mai 80,000 wajen daƙiƙa 45 ya kamata allurar, mai auna kubik ƙafa ɗaya na gas a kowane zagaye, ta ɗauka kafin ta zagayo, tamu a 40 da 'yan kai take yi. Ya koma ya sa sukudireba yana juya sukurun kaɗan kaɗan, ya tsaya ya jira lamba ta zauna, ya sake taɓawa, ya daidaita babbar wuta ya koma kan ƙaramar ita ma da nata sukurun daban.

Daga nan ya huda 'yan ƙananan ramuka a bututun iska, ɗaya inda take shiga ɗaya inda take fita, ya zura ma'aunin zafi. Tana shiga a 68 tana fita a 146, bambanci 78 kenan, takardar kuma ta ce tsakanin 35 da 65. Gudun fankar ma yadda ta zo daga kamfani haka suka bar shi, ba wanda ya taɓa 'yan makunnan da ke kan allo. Ya ƙara mata gudu, ya zare filtar da suka saka mai kauri yace ta toshe numfashin hitar, ya sa mai sauƙi. Bambancin ya sauko 50 da wani abu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne na'urar da ya zura a bututun hayaƙi don auna kabon monoksaid, iskar nan mai guba. Mu da muka taso muna jin labarin mutanen da suka kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ba su tashi ba, ba sai an ce mana abin tsoro bane. Yace ƙasa da 100 yake so ya gani a bututun, ta nuna 20 da ɗoriya bayan gyaran, ya bi duk mahaɗar bututun gas da ruwan sabulu yana duba kumfa, ya zuba ruwa a tiyon da ke zubar da ruwan hitar ya ga yana gangarawa. Har ya tambaye ni ko akwai ƙararrawar kabon kusa da ɗakunan kwana, don dokar Minnesota cikin ƙafa 10 ta ce. Akwai. Allah Ya saka wa bawan Allah nan, shayin da uwargida ta kawo ma a tsaye ya sha.

To amma duk abin nan da ya yi ba alfarma bace fa, yana cikin littafin da ya zo da hitar, aikin ranar farko ne da na biya kuɗinsa. Kuma da ya auna matsin iska a bututun gidan ya samu 0.9 a inda ake son 0.5, yace bututun da ke dawo da iska ya yi wa wannan hitar kaɗan, shi ya sa yanzu fankar take gurnani in ta hau babbar wuta. Wanda ya zo ya yi min ciniki da kwamfutarsa da murmushinsa ya sauka ƙasan gidan ya kalli bututun nan da idonsa, ko tef bai ciro ba balle ya faɗa min. Yanzu sun aiko min da wani sabon lissafi na faɗaɗa bututun, wai ba ya cikin yarjejeniya, har da kuɗin zuwan dattijon suka so liƙa min sai da na ce su nuna min takardar awon da yaransu suka cike ranar haɗawa. Shiru. Suka cire.

Gida ya yi ɗumi yanzu, Hajiya ta rage safa ɗaya, ba zan yi musu ƙarya ba. Tauraro biyu, kuma dukkansu na dattijon ne. Maganar bututun ina jiran mai duba aiki na hukumar birni ya zo tukuna, a gabansa nake so manajansu ya maimaita min cewa ba ya cikin yarjejeniya.