Wane horo za ku saya wa masu kula da yaranku?

Yaro mai galahanga da ba ya magana ba zai ce muku "ƙwallo nake so" ba. Sai a ajiye abubuwa a gabansa, a ga inda hannunsa zai kai. Mai kula da shi zai rantse ya san abin da yake so, amma sau da yawa in an gwada sai a tarar ba haka ba ne. Dole ma'aikata su koyi wannan gwajin na gano abin da yaro ya fi so, kuma horon da ake sayarwa iri uku ne.

Littafin koyi-da-kanka ya fi arha, sai dai a tabbatar yana da hotuna da matakai dalla-dalla. Bidiyo ya ɗara shi, don ido na ganin yadda ake jera kaya.

Ni dai, in da hali, mai horarwa ido da ido nake zaɓa, wanda zai yi bayani, ya nuna, ya sa ma'aikaci ya gwada, ya gyara masa nan take. Kurakuran ƙanana ne, mai yin su ba ya ji a jikinsa. Za ku ga malama ta ɗan tura biskit kusa da yaro, ko kullum ta ajiye motar wasa a damansa, ko ta ce "ɗauki wannan mana." Shi ke nan, zaɓin ya zama nata. Littafi ba ya kama hannun mutum.

Ku tambayi wace hanyar gwaji za a koyar. Ta bibbiyu, wato a riƙa ajiye masa abu biyu-biyu ya zaɓi ɗaya, wadda mai bincike Fisher da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1992, tana fito da abin da yaro ya fi so sarai, amma tana cin lokaci: kaya 8 na buƙatar haɗi 28, kaya 16 kuwa 120. Ta masu bincike DeLeon da Iwata ta 1996 ta fi sauri. A jera kayan duka, ya ɗauki ɗaya, a cire shi, a sauya wa sauran wuri. Yaron da ke tayar da hankali in an karɓe masa abu kuwa, ta mai bincike Roane ta 1998 ta fi dacewa da shi: a bar shi da kayan minti 5, a rubuta wanda ya fi daɗewa a hannunsa.

Kafin ku biya, ku nemi a rubuta cewa mai horarwa zai dawo bayan 'yan makonni ya kalli kowane ma'aikaci yana gwajin da yaro na gaske.