Kwana 19 ne suka mayar da ni baya a Chaina

Duk wanda ya kira ni daga Kano sai ya ce, "Kai da ka auri 'yar ƙasa, ai ka huta da maganar takardu." Na gaji da yi wa kowa bayani a waya, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya same ni a Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu.

A 2018 muka yi aure. Matata 'yar ƙabilar Hui ce daga lardin Gansu, Musulma gaba da baya. Bayan an shafa Fatiha muka je ofishin gwamnati aka yi rajista, aka miƙo mana ɗan littafi ja ɗauke da hotonmu, kowa da nasa. A ranar na ɗauka ƙofa ta buɗe min. Ashe littafin nan bizar iyali kawai yake ba ka damar nema, wadda suke kira Q1. Kana shigowa da ita kana da kwana 30 ka mayar da ita takardar izinin zama, bayan an auna jininka an ɗauki hoton ƙirjinka. Kuma wannan izinin bai ba ka damar yin aiki ba. Kana iya zama da matarka da 'ya'yanka, amma ka karɓi albashi ko ka tsaya a shago da shi, ka karya doka. Ni ta kamfanina na kaya nake sabunta tawa takardar. Idan muka canza gida kuwa, cikin awa 24 sai na je na sanar da 'yan sandan unguwa.

Abin da kowa ke hari shi ne katin zaman dindindin. Tun ranar 1 ga Disamba 2023 suka fito da sabonsa mai taurari biyar. Na babba shekara 10 yake yi kafin a sabunta, kana aiki da shi ba sai da wani izini ba, ka sayi tikitin jirgin ƙasa, ka buɗe asusun banki kamar kowa. Fasfo ɗinsu dai ba na nema, don Chaina ba ta yarda da ɗan ƙasa biyu ba, ni kuma ba zan ajiye koren fasfona ba. Sharaɗin katin ga mai auren 'yar ƙasa yana rubuce tun dokar 2004: aure ya cika shekara 5, ka zauna a ƙasar shekara 5 a jere, kowace shekara aƙalla wata 9 kana ciki, kana da gidan zama da tabbatacciyar hanyar samu.

Ranar da muka kai takardu, gaskiya wurin ya burge ni. Ka ciri lamba a na'ura, ka zauna a kujera cikin sanyi, allo yana nuna tagar da za ka je. Babu mai tsallake layi, babu ɗan tsakiya da zai tare ka a bakin ƙofa. Kafin rabin awa an kira mu. Wata yarinya ce a tagar, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta karɓi fayil ɗin da hannu biyu, ta bi shi shafi-shafi, sannan ta shigar da lambar fasfona a kwamfuta. Sai na ga ta tsaya. Ta buga wata takarda ta turo min ta ƙasan gilashi. Duk fita da shigata ce, ranar da na tashi da ranar da na sauka, babu ko ɗaya da ta ɓace, har wata tafiyar kwana biyu zuwa Hong Kong da ni kaina na manta da ita. Ta sa biro ta ja layi a ƙarƙashin 2023. Ta ce a shekarar na yi wata 3 da kwana 19 a waje.

Na san tafiyar. Hajiyarmu ce ta kwanta ciwo. Na tafi da niyyar wata ɗaya, jiki ya ƙi. Ni nake kwana da ita a asibiti, ni nake ba ta kunu da cokali, a hannuna ta cika. Bayan an kai ta makwancinta aka yi zaman makoki, aka shiga maganar gado, ga ƙanne suna kallona a matsayin uba. Wane ɗa ne zai duba kalanda a irin wannan lokaci?

Na faɗa wa yarinyar duk wannan da gurguwar Sinancina, matata tana cike min inda na kasa. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta sunkuyar da kai ta yi min ta'aziyya. Sannan ta ce, "Mei banfa." Duk wanda ya zauna a Chaina ya san kalmar nan: babu yadda za a yi. Sai na sake tara shekara 5 cif daga farko.

Jikina ya yi sanyi, sannan raina ya ɓaci. Bakina ya cika da abin da muka saba faɗa a gida: a duba Allah, a yi haƙuri, ina ogan wurin. Matata ta ja hannun rigata a hankali muka fito. A bakin titi na tambaye ta ko babu wani da danginta suka sani. Ba wai a nan babu hanya da sanayya ba ne, su ma suna da tasu, guanxi suke ce mata. Ta ce, "Maigida, ko da akwai, wa zai goge abin da kwamfuta ta rubuta?" Har yau ina ganin doka ya kamata ta bar gurbin rasuwar uwa. Amma ba zan ce an zalunce ni ba, don an nuna min dalili a rubuce, ba a nemi ko sisina ba, kuma ma'aunin da aka auna ni da shi, shi za a auna na bayana.

Abin da ya fi ci min rai ma a gida yake. Cikin fayil ɗin akwai takardar shaidar cewa ban taɓa aikata laifi ba, wadda sai daga Najeriya, a buga mata hatimi a Abuja, ofishin jakadancin Chaina ma ya buga nasa. Ƙanena ne ya yi ta zirga-zirga a wani ofishi kusan wata 3. Yau oga ba ya nan, gobe babu wuta, jibi sabis ya ɗauke. Kullum ya kira ni, "Yaya, sun ce a kawo na goro." Da takardar ta fito, an rubuta sunana Mohammed, alhali a fasfo Muhammad ne. Aka koma gidan jiya. Wannan sakacin namu da suna da shekarun haihuwa ya isa haka. Mutum ɗaya sunansa iri uku a takardu uku, rabin gari an haife su ranar 1 ga Janairu, muna cewa ai duk ɗaya ne. A nan harafi ɗaya ya bambanta, kai wani mutum ne daban. Ina roƙon iyaye, ranar suna ku tsayar da yadda za a rubuta sunan yaro, kada a sake taɓa shi. Takardar nan da aka sha wahala a kanta ba ta daɗewa take tashi aiki, don haka idan lokaci ya yi ƙanena zai sake bin ofisoshin nan.

Duk da haka, idan na tuna makokin Hajiya sai na ji kewar gida ta taso min. Layinmu gaba ɗaya aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suna shigo da kulolin abinci ba wanda ya roƙe su, mutanen Kantin Kwari suka rufe shaguna suka zo jana'iza. A benen da nake zaune shekara da shekaru, ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba. Sai ranar Juma'a a masallacin Huaisheng, ko na leƙa Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, na ci tuwo da miyar kuka, nake jin kamar ina cikin mutane.

Yanzu akwai kalanda a bangon kicin ɗinmu. Duk ranar da na kwana a wajen Chaina matata tana zagaye ta da jan biro, ɗanmu yana taya ta ƙirgawa. Ƙanwata za ta yi aure bayan babbar salla, ta ce ni ne waliyyinta. Na ce mata ina nan zuwa in Allah ya yarda, amma kwana 12 zan yi, kuma na riga na yanki tikitin dawowa.