LM13700 ko LED da LDR: wanne za ka ɗora a akwatin gitarka?

Ƙanena, ka ce kana son haɗa wa gitarka tiremolo, sautin nan mai hawa da sauka, da batir 9V, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin ɗan guntun IC ɗin nan LM13700 da ƙaramar fitilar LED haɗe da LDR, rezistans mai jin haske. Duka biyun aikinsu ɗaya: ƙaramin kuran ne yake juya ƙarar sauti a madadin yatsanka. Halinsu ne ya bambanta.

LM13700 ƙafafunsa 16, ƙananan amfili biyu ke cikinsa, waɗanda kuran ke juya ƙarfinsu. Kuran ɗin da ka zuba a ƙafa ta 1 shi ke buɗe sauti: ka ninka shi, sautin ya ninku, nan take. Amma ɗan gata ne. Sautin da ya haura kamar milivolt 20 a bakinsa sai ya soma karcewa, dole ka rage shi da rezistans, misali 100k da 1k (k na nufin ohm dubu), sannan ka sake ɗaga shi a gaba, kuma nan ne shuuu ɗin nan ke shigowa. Kuran ɗin ƙafa ta 1 kada ya wuce miliamfa 2, in ya wuce ka yi ta'aziyya. Idan kuma ba ka sa ƙaramin maɓallin daidaitawa a mashigarsa ba, za ka riƙa jin dum-dum a bafil ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Zafinmu na Afrilu ba abin damuwa ba ne: daga digiri 25 zuwa 45 ƙarfinsa na sauka da kusan kashi 6 cikin ɗari kawai, kunne ba ya kamawa.

LDR kuwa rezistans ce mai jin haske. Irin GL5528 a duhu takan kai ohm miliyan ɗaya, a ɗan haske ta sauko wajen 10k zuwa 20k. Ka goge kan LED da sanfefa ya yi lebur, ka manna shi da fuskar LDR, ka rufe su ruf. Babu waya tsakaninsu, haske kaɗai, shi ya sa babu dum-dum, kuma tana ɗaukar sautin gita yadda ya zo. Nawa gare ta: tana buɗewa da sauri, ta rufe a hankali. A tiremolo wannan nawar ita ce daɗin, gefen sautin ya fito da laushi. Amfilin Fender da yawa na shekarun 1960 da fitila da LDR suke yin nasu.

Rufin nan fa ka ɗauke shi da gaske. Na farkon da na haɗa baƙin salatif zagaye biyu na naɗa masa. A ɗaki lafiya lau. Da muka fita da shi wani biki a Birni da la'asar, akwatin ba murfi, sai rawar sautin ta ɓace, sautin ya miƙe sak: ranar Damagaram ta ratsa salatif. Tun daga nan baƙar robar nan mai tsukewa da zafi nake sawa, in toshe gindin LED ma.

Wani aibin, LDR biyu ba sa zama daidai ko daga leda ɗaya suka fito, don haka sitiriyo da su wahala ce.

Ni dai ga gita da batir, LDR. Sayi biyar ko shida, a Kasuwar Dole ko ta hannun mai zuwa Kano, ka gwada su da mita ka ɗauki mai saurin rufewa. Ranar da ka koma haɗa sintesaiza, inda ake son sauti ya yanke tsaf, ka nemi LM13700, ka ba shi 12V sama da ƙasa, wato +12V da −12V, don a 9V a takure yake.