Tsohon rabo na Stanley lamba 4 da na saya a Katako, ga ra'ayina

Salamu alaikum ƴan uwa masu son aikin katako. Ni dai ba kafinta ba ne, aikin biro nake yi, amma Asabar da Lahadi in na samu sarari nakan ɗan haɗa benci ko kantar littattafai ko teburin yara a tsakar gidanmu nan Yamai. Rabon nan da zan yi magana a kai, wato na fere katako da hannu, tun bazara yake wurina, ya ga zafi ya ga damina ga shi mun shiga hunturu, to ina ganin yanzu ina da bakin magana.

In ka riga ka mallaki zarto da marto da metir, wallahi wannan shi ne abu na gaba da ya kamata ka saya, kafin ma ka fara tunanin inji mai kuran.

A kasuwar Katako na same shi, can wajen masu tsofaffin ƙarafa, gun wani dattijo da ke baza kayansa a kan buhu. Da farko sabo na je nema, irin masu sheƙi ɗin nan da ba su da suna, na ɗauki ɗaya ina jujjuyawa sai ya ce min "ɗana, aiki za ka yi ko ado kake so?" Na ce Baba aiki. Sai ya laluba ƙasan tebur ya zaro wannan, duk tsatsa, an rubuta Bailey da No 4 a gaba, a jiki kuma Made in England. Ya ce jikka 15, muka yi ta ja har muka tsaya a 12, kusan ninki biyu na sabon ke nan, kuma gaskiya a lokacin sai da na ji kuɗin a raina. Abin da ya sa na yarda da mutumin shi ne bai hana ni kwance shi gaba ɗaya a gabansa ba, har shi ya ba ni turnabis ɗin.

Wannan samfuri ba na jiya ba ne. Wani Ba'amurke Leonard Bailey ne ya tsara shi, kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirar a 1869, kuma har yau yawancin rabon ƙarfe da kake gani a kasuwa, har da na bogin, kwaikwayonsa suke. Na Ingila a Sheffield aka ƙera su. Lamba 4 tsawonsa wajen santimita 24, faɗin wuƙarsa milimita 50, tana kwance a kan digiri 45. Akwai ɗan gargare na tagulla a baya da kake murzawa wuƙar ta fito ko ta koma, da ɗan hannu a sama mai karkata ta hagu ko dama, shi ke nan, ba batir ba waya, ba abin da zai lalace a ce sai an aiko daga waje.

Ga abin da za ka duba in ka samu irinsa, don a nan ake cin kuɗin mutane. Jikin ƙarfen zubi ne, in ya taɓa faɗowa kan siminti yakan tsage, galibi a gefen bakin da wuƙa ke leƙowa, to ka goge wurin da yatsa ka kalla a rana sosai, in akwai tsaga ko alamar walda ka ajiye musu kayansu ko da kyauta ne. Sannan ka ɗora ƙasansa a kan gilashi ko ka kara masa ruler ta ƙarfe ka ga ko haske na wucewa, in yana wucewa ƙasan bai miƙe ba. Tsatsar sama ba komai ba ce, takardar gugar katako za ta cire ta, wadda ta ci rami a bayan wuƙar kusa da baki ita ce matsala domin ko ka wasa sai ta bar giɓi. Nawa hannun bayansa ya ɗan tsage, itace ne ya sha shekaru ga bushewar garin nan, na ɗura masa kol na ɗaure da robar tayar keke ya kwana, har yau shiru.

Maganar wasi ita ce rabin aikin, kuma a nan nake ganin mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce rabon hannu wahala ne. Ba wahala ba ne, wuƙar ce ba ta ci. Don Allah kar ka kai ta wurin masu injin wasa adda a bakin titi, dutsen yana gudu da ƙarfi, bakin ya yi zafi ya koma shuɗi, daga nan ƙarfen ya yi laushi ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Abin da nake yi: na samo guntun gilashi mai kauri, na manna masa takardar guga irin ta masu fentin mota wadda ake sa wa ruwa, lamba 240, sai 400, sai 1000, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi. Na fara da goge bayan wuƙar har ya kwanta sumul, sannan bakin a kan wajen digiri 25 zuwa 30, kana turawa kana jawowa har ka ji ɗan kaushin ƙarfe ya taso a bayan, sai ka kwantar ka cire shi. A ƙarshe ina da guntun fata da na roƙa wurin dukawa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ina jan bakin a kai kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Ƙarfe na biyu da ke kwance a kan wuƙar ka ɗaure shi kusan milimita 1 daga baki, kuma ya manne sosai, in akwai rata ɓawon katako zai cushe a ciki rabon ya shaƙe.

Yanzu aikinsa. A kan farin katako, samba ɗin nan da ake kawo mana daga ƙasashen bakin teku, kai abin ba a magana, ɓawo na fita a nannaɗe siriri har kana ganin yatsanka ta ciki, fuskar katakon kuma ta yi santsin da takardar guga ba ta bayarwa. Jan katako ya fi gardama, jijiyarsa takan juya, in ka ga yana fizgewa sai ka juya allon ka bi ta ɗaya gefen, ka mayar da wuƙar ciki kaɗan, ka ɗan karkata rabon yayin turawa. Inda ya fi min amfani shi ne wannan halin na katakon Yamai: yana zuwa da danshinsa, ya iso nan iska ta busar da shi ya lanƙwashe ya murɗe, allon da ka saya a miƙe bayan sati biyu ya zama kwale-kwale. Shi ya sa nake jera su a inuwa da ƴan sanduna a tsakani su sha iska tukuna, sannan in daidaita da rabo. Ƙofar ɗakin girkinmu da ta kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, da shi na rage mata gefe ba tare da na kira kowa ba.

Amma fa ba komai yake yi ba. Gefen kwantirfilake, wato allon da ake mannawa yadudduka-yadudduka, yana cinye kaifinsa nan da nan saboda kol ɗin da ke tsakanin yadudduka. Katakon da ya kwanta a ƙasa a kasuwa rairayi ya shige shi, shi ma haka, sai ka share shi da buroshi sosai kafin ka ɗora ƙarfe, kuma in tsohon katako ne ka bi shi ka ciro duk wata ƙusa, guda ɗaya ta isa ta ɓata maka wasin yini. Sannan sai da abin riƙe katakon, in ba ka da tebur mai nauyi rabon zai yi ta tura allon gaba, ni guntun katako na kafa a ƙarshen teburina allon yana tokare da shi. Kuma gajere ne, miƙar da gefen allo mai mita 2 da shi sai haƙuri da yawan dubawa da ido, wannan aikin lamba 5 ne mai santimita 35 ko wanda ya fi shi.

Wani abokina yana da na kuran, mai faɗin milimita 82, na ara na gwada. Yana da sauri, in kana da allo ashirin da za ka rage kauri ko sana'arka ke nan kana da oda, shi za ka saya ba gardama. Sai dai ga ƙara har makwabta su leƙo, ga ƙura, ga shi a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ya wuce digiri 40 kuran na yawan ɗaukewa, Lahadinka guda ta tafi kana zaman jira. Nawa kuwa ko bayan sallar Asuba zan iya aiki da shi yara na barci.

Ajiyarsa ba wuya, ka mayar da wuƙar ciki, ka shafa masa ɗan man keken ɗinki da tsumma musamman da damina, ka sa shi inda yara ba za su jawo shi ƙasa ba. Na koma wurin dattijon na gaya masa in lamba 5 ya faɗo hannunsa ya ajiye min, ya ce "in Allah ya kawo, ɗana", to in wani cikinku ya riga ni gani a Katako ko a Wadata don Allah ya taɓa ni.