Magogi mai fuska huɗu da wainar dankalin turawa

Ƙanena ne silar wannan sayayya. A Minsk ta ƙasar Belarus ya yi karatu, tun da ya dawo kuma yake yi mini zancen wata wainar dankali da suke kira draniki. Na ce masa muna zaune a Jos, dankalin Bokkos na sauka a Farin Gada buhu-buhu, ai ba za ta gagara ba.

Na fara gwadawa da blanda, dankalin ya koma ruwa tsululu. Dole na yi ta ƙara fulawa, wainar ta fito da danƙo, ɗanɗanon dankalin ya ɓace. Magogin kuɓewata na gwangwani kuwa lanƙwashewa ya yi tun a dankali na uku. Shi ya sa na shiga kasuwar Taminus na sayo wannan magogin: mai fuska huɗu, ƙarfen da ba ya tsatsa, da mariƙi a sama, da roba a gindi don kada ya zame. Kuɗinsa ya kai na magogin gwangwani uku. Wata biyar ke nan ina aiki da shi, kusan kowace Asabar.

Fuska biyu ne suka shafi wainar. Mai manyan ramuka tana fitar da dankalin zare-zare, idan aka soya sai gefen ya yi ƙaras-ƙaras, yarana ita suka fi so. Mai ƙananan ramuka tana mayar da shi laushi, ƙanena ya ce wannan ce ta yi kama da wadda ya sani, cikinta lallausa, bayanta ja. Ni yanzu haɗawa nake yi, rabi a nan rabi a can, kuma samun damar haɗawar ne ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Dankali manya shida ina gama su cikin minti goma, magogin yana tsaye cikin faranti ba ya motsi.

Saurin nan yana da amfani, domin gogaggen dankali ba ya jira. Da ya sha iska sai ya fara ja, daga nan ya yi duhu. Nakan goga albasa a tsakani, tana rage masa saurin canza launi. Sai in juye a ƙyallen tatar koko in matse sosai a kwano. Kada ki zubar da ruwan nan take. Ki bar shi minti biyar, za ki ga farin sitaci ya kwanta a ƙasa kamar gasara. Tsiyaye ruwan, ki mayar da sitacin cikin dankalin, shi ne zai riƙe miki wainar. Da shi, ƙwai ɗaya da fulawa cokali ɗaya sun ishe ni, sai gishiri da ɗan attaruhu. Sabon dankalin damina ya fi ruwa, yana son matsa biyu. Man gyaɗa ya yi zafi kafin ki zuba, ki danne ta yi faɗi, minti uku zuwa huɗu kowane gefe. A can Belarus da kirim mai tsami suke ci, mu kindirmo muke sa mata, ya kuma karɓe ta.

Inda magogin ya ba ni haushi wajen wanki ne. Fuska ta uku, mai ƙayoyi, tana riƙe abu, tana yaga soso, sai da na ware mata buroshi. Idan sitaci ya bushe a jikinsa, sai an jiƙa. Robar gindin ma ruwa na maƙalewa a cikinta, in ba a cire an shanya ba takan yi wari. Kaifinsa kuma na gaske ne, ya taɓa yanka mini ɗan yatsa, don haka ba na bari 'yata ta goga, guntun ƙarshe kuma miya nake jefa shi.

Mai yin wainar sayarwa ko ta biki, wannan zai gajiyar da hannunki, inji ya kamace ki. Na gidan mutum shida irin nawa kuwa ya wadatar. Kabejin kwaɗo da karas ma yanzu da shi nake yi, na kuma sayo wa Yaya Babba irinsa da za ta koma Bauchi.