Dalma mai matsi ta jan fatsa: yadda na same ta a Jabi da Kainji

Duk wanda ya taɓa jan fatsa a bayan jirgi ya san matsalar kifin roba, wato koton da aka ƙera da siffar ƙaramin kifi: komai tsawon zaren da ka saki, akwai zurfin da ba ya wucewa, domin leɓen da ke gabansa shi ne yake ƙayyade iyakar nutsonsa. Idan zafi ya tsananta, manyan kifaye irin su giwan ruwa suka sauka ƙasa, sai ka wuni kana yawo da koto a saman kawunansu. Wannan ne ya sa na sayi dalma mai matsi a wani shagon kayan wasanni a Wuse, bayan na daɗe ina jin labarinta.

Abin ba shi da wani girma. Ɗan matsi ne na roba mai kama da wanda ake danne tufafi da shi a igiyar shanya, cikin bakinsa akwai laushin roba da ke riƙe zare ba tare da ta ci shi ba, a ƙasansa kuma akwai zobe inda ake rataya dalma. Ƙunshin da na saya yana ɗauke da matsi huɗu da dalma iri uku, mai giram 28 da mai 56 da mai 85, wato oza ɗaya da biyu da uku a ma'aunin Amurka, inda masu kamun kifi a manyan tafkuna irin su Erie suka shahara da amfani da ita. Ƙa'idar da suka fi bi ita ce a saki zare ƙafa 50, a maƙala dalmar, sannan a ƙara sakin wata ƙafa 50, kusan mita 15 ke nan sau biyu. Hikimar ita ce dalmar tana nesa da koton, saboda haka kifi ba ya ganinta ya tsorata, kifin robar kuma yana ci gaba da kaɗa jikinsa yadda aka ƙera shi, saɓanin dalmar da ake ɗaurewa daf da ƙugiya wadda take kashe masa motsi.

Na fara gwada ta a tafkin Jabi, kuma ban samu komai ba sai ciyawa da leda, domin ruwan wurin da na bi bai kai zurfin da ke buƙatar wannan dabara ba. Laifin nawa ne.

A Kainji ne na ga amfaninta, kuma a can ne na gane cewa ba nauyin dalmar kaɗai ke yanke zurfi ba, gudun jirgi ya fi shi tasiri. Dabarar tana son tafiya a hankali ƙwarai, kamar kilomita biyu zuwa uku a awa, wato ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. Injin da ke jirgin da muka ɗauka haya an saye shi ne don jigilar fasinja da buhuna, ko an rage masa wuta iyakar ragewa yana wuce haka, sai na ga zaren ya miƙe kusan a kwance, alamar dalmar ta taso sama. Dattijon da ke tuƙa mu ya dubi zaren na ɗan lokaci, ya ce, "Malam, ƙarfenka ba ya nutsewa, jirgin ne ya fi ƙarfinsa." Na ce, "To Baba, yaya za mu yi?" Bai amsa ba, sai ya ɗaura tsohon bokitin fenti da igiya ya jefa a bayan jirgi. Nan take gudu ya ragu, zaren ya sunkuya, kuma kafin azahar dalma mai giram 56 ta kawo mana giwan ruwa biyu matsakaita. Wanda zai saya ya fara tunanin yadda zai rage gudun jirginsa, in ba haka ba ya zubar da kuɗinsa.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Biyu daga cikin matsina ba su da ɗan tsinken da ake sawa a tsakiyar baki don zare ya shige bayansa, sai matsewar roba kawai. A kan zaren nailan sun riƙe, amma da na sa su a kan zaren saƙa mai santsi, ɗaya ya zame har ya kai ga koton, ɗayan kuma ya fice ya tafi da dalmarsa lokacin da kifi ya fizga. Masu tsinken ba su taɓa faɗuwa ba, don haka ka buɗe bakin kowane matsi ka duba tun a shago, kada ka dogara da hoton da ke kwali. Na biyu kuwa shi ne cirewa: idan kifi ya kama, dole ka naɗo zare har dalmar ta iso bakin sanda, a cire ta, sannan ka ci gaba, kuma a wannan ɗan tsakanin idan zare ya yi sako-sako kifi zai iya kuɓucewa. Da abokin tafiya abu ne na daƙiƙa biyu, amma mutum ɗaya zai sha wuya kafin hannunsa ya saba.

Sai kuma shan kwana da jirgi. Duk lokacin da jirgi ya juya, zaren da ke ɓangaren ciki yana rage gudu, dalma ta faɗa ƙasa da sauri, kuma tafkin Kainji, wanda ya cika bayan kammala madatsar a 1968, har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. A irin wannan kwana ne dalma mai giram 85 ta jawo mini asarar kifin robar da na fi so. Tun daga ranar nake fara da mafi sauƙi, in ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kuma ina roƙon direba ya yi kwana mai faɗi.

Zan sake saya, amma masu tsinke kawai, kuma zan ƙara yawan masu giram 56, domin su ne suka fi yi mini aiki. Dalma guba ce, don haka ina ajiye su a gwangwani mai murfi nesa da yara, ina kuma wanke hannu kafin in taɓa guzuri a cikin jirgi.