Ƙungiyar masu ziyarar gidan kaso a Garwa ta Kamaru: tuwo da bin takardu

Masu tambayata ko su shiga ƙungiyar nan ta unguwarmu mai ziyarar fursunoni, ku shiga, amma ku ji abin da za ku tarar.

Ranar Asabar ake fita. Tun asuba iyayenmu mata ke tuƙa tuwon dawa da miyar yakuwa, mu maza mu ɗaure kuloli a bayan babur, da sabulu da maganin ƙazuwa, don a zafin Garwa na Maris da Afrilu ƙaiƙayi ne kukan kowa a ciki. A ƙofa ka ajiye waya da katin ɗan ƙasa, ka ɗanɗani abincin da bakinka a gaban gandiroba, sannan a bar ka ka wuce.

Tuwon yana da daɗi, amma inda ƙungiyar ta ciri tuta a wajena shi ne wani dattijo, tsohon magatakardan kotu, da kowa ke ce wa Baba. Yana zama da tsohon littafinsa a kan cinya yana tambaya: "Yaro, yaushe aka kawo ka? Ka taɓa ganin alƙali?" Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005, wadda ta fara aiki a Janairun 2007, ta ƙayyade tsarewa kafin shari'a wata 6, ana iya ƙara 6 a ƙaramin laifi, ko 12 a babba. Mutumin ƙauye ina ya san wannan? Baba ne ke bin takardun har ofishin mai gabatar da ƙara. Akwai kuma waɗanda suka gama wa'adinsu, tara da kuɗin kotu kaɗai ke riƙe da su. Na ga an yi karo-karon jaka talatin na sefa, wani makiyayi ya koma wurin iyalinsa.

Sai dai lokaci ba ya da daraja a wurin 'yan ƙungiyar: a ce ƙarfe takwas, sai goma. Lissafin kuɗi ma a cikin kan Hajiya ma'aji yake, ba a takarda ba. Ban ce ana ci ba, amma rasit ba laifi ba ne. Ga kuma masu zuwa da azumi kawai, su ɗauki hoto da buhun shinkafa, su ɓace.

Taurari huɗu cikin biyar na ba su. In kana jin Fulatanci da Faransanci, kai suka fi nema, don Baba shi kaɗai ne ke wannan aiki, idonsa kuma ya fara rauni.